Awon Tsibirai Biyu

Shekara talatin da shida ina kan sikeli
a bakin kasuwar Dadin Kowa.
Buhun shanshera ne ko na masara,
kafin allura ta tsaya na san nauyinsa.
Yau 'ya'yana sun kawo mini kayan
da babu ƙugiyar da za ta ɗaga.

Hansatu tana wani tsibiri, tana aikin jinya.
Babayo yana wani, yana koyar da lissafi.
Na je neman su a taswirar firamare,
sai da Malam Garga ya ara mini tabarau:
ɗigo biyu, kamar kashin ƙuda a kan shuɗin zane,
tsakaninsu taƙi uku na hannuna.
Wai kowanne ƙasa ce, da tuta, da shugaba.

Duk Lahadi bayan la'asar waya takan yi kuka,
su biyu a layi guda, suna musu
irin na lokacin da suke rabon ƙanzo.

Ita ta ce, Baba, nan wuta ba ta ƙiftawa,
asibiti ba a tambayar kuɗin kati,
famfo ko tsakar dare ka murɗa zai amsa.
Shi ya ce, tambaye ta nawa albasa.
Shiru.
Guda uku ne a leda, da hatimi,
kuɗinsu zai cika kwando a nan.
Ɗaki ɗaya yana cinye rabin albashi,
maƙwabcinta shekara biyu yana ɗaga mata hannu,
har yau bai tambayi sunanta ba.

Shi nasa tsibirin, wuta sai ta ga dama.
Jirgin shinkafa in ya makara, kanti ya koma fili.
Amma ran da zazzaɓi ya kayar da shi
tsohuwar da yake haya a gidanta
ta kwana tana yi masa fifita,
tana faɗa da yaren da bai gama ji ba.
Da safe ga kifi a bakin ƙofa,
ba wanda ya ce shi ya ajiye.
Ita ta ce, tambaye shi ina likita.
Shiru.
Sai an hau jirgin ruwa, awa tara,
shi ma in teku ta yarda.

Baba, yanke mana hukunci.

To, na ɗora fitila a nan, na ɗora gaisuwa a can.
Na ƙara allurar rigakafi, na ƙara kifin sadaka.
Sikeli ya yi ta rawa kamar ɗan maraƙi.
Ni da ban taɓa ganin teku ba,
iyakacina dam ɗin nan da kwalekwalen Buba.

Abu ɗaya ne ba sa musu a kansa.
Ita ta ce an ƙara wa katangar bakin ruwa tsawo,
bana ma an sake ƙarawa.
Shi ya ce filin ƙwallon makaranta ya fara fitar da gishiri,
kabarin da ke ƙarshen layi an matsar da shi.
Nan muryoyinsu sukan yi ƙasa tare.
Wannan kam na sani ba sai da tabarau ba.
Tsamiyar da babana yake ɗaure jakinsa
tana can ƙarƙashin dam, tarwaɗa na kewaya ta.
Ruwa ba ya tambayar nawa albasa.

Ban yanke ba. Katin ma ya ƙare.

Da dare Dudu ta baje kaya a tabarma:
kuka, daddawa, yajin ƙuli, busasshiyar kuɓewa.
Akwai mai tafiya wata mai zuwa, in ji ta.
Na sauko da ƙaramin sikelin daga kan rumbu,
na hure ƙura, na raba ƙulli biyu.
Na Hansatu ya ɗara da ɗan kaɗan.
Na tsame tsunkule ɗaya, na mayar wa Babayo,
na jira har allura ta tsaya cik.